Biskit Ɗin da Mage Ta Bari Fari

Zuwa ga Yayata mai biskit,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da Maigida da duk mutanen gida. Ya gwiwar nan taki? Wancan karon kin ce ta hana ki durƙuso gaban oben, sai kin jawo kujera. Don Allah ki riƙa shafa man da na aiko, kar ki ɓoye shi a kabad kina jiran ranar da ciwon zai tsananta. Na san halinki da adana abu.

Ni ma alhamdu lillahi. Aikin dai shi ne, ɗakin wanki na asibiti, can ƙasan gini inda babu taga. Injina na juyi, mu muna ciro zannuwan gado muna turawa bakin injin guga. Tururi ya cinye mini fatar yatsu, amma jiki ya saba.

Na zaɓi in rubuto ne don kin san ni da waya. Da na ji muryarki sai maganar ta maƙale, mu ƙare da ya gida ya aiki. Ita kuwa Mage, "lafiya lau" kawai take da shi, ta miƙa miki wayar.

Yaya, wai Mage ce za ta gama makarantar ungozoma! Yarinyar da na bar miki ko famfara ba ta fara ba, tana bin ki kicin tana lashe kwanon sukari har sunan ya bi ta. Kakarki da kakata ne suka fito ciki ɗaya, ba ni da ke ba, amma da ubanta ya rasu ke kika buɗe ƙofa, kika riƙe ta kamar ke kika yi naƙudarta. Allah kaɗai zai biya ki.

Ga maganar: zan zo liyafar kammala karatunta. Kin san takardun zamana sun daɗe da ƙarewa, in na fita ƙofar ta rufe ke nan, ba komawa, ba aiki. Abin da ya ɗaure ni duk shekarun nan ke nan. Yanzu karatu ya ƙare, me nake jira? Na faɗa wa shugabar wanki, ta ce in na tafi wata za ta maye gurbina kafin injin ya huce. Na ce na ji.

Roƙona ɗaya, ki yi mata biskit irin naki na ado, wanda mutane ke jin kunyar ci. Ni ban taɓa ganin su ba sai a hoto.

Ƙanwarki,
Uwar Mage

*

Ƙanwata,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarki ta iso, na karanta ta a tsaye da fulawa a hannu, shi ya sa in kin zo kika ga shatin yatsa a kanta kar ki tambaya. Muna lafiya. Gwiwa tana nan tana mulkinta. Man kuwa ina shafawa, ke dai ba ki raina abin faɗa. Maigida yana gaishe ki, shi ma yanzu ba ya zuwa garejin sai in an kira shi, yana zaune a baranda yana ba kowa shawarar da ba a tambaye shi ba.

Za ki zo? Ke, Allah ya sa da gaske kike! Na karanta wa Mage wurin nan sau biyu. Ranar ta ƙona biskit tire guda, ita da ba ta ƙona abu. Ki fassara da kanki.

Batun biskit, kin makara, an riga an fara. Kuma ba ni ce mai zane ba wannan karon, ita ce. Ni nawa murji da gashi. Ta ce ba ta son irin na kowa, hular kammala karatu da tauraro da fure. So take kowane baƙo ya gane kujerarsa da biskit ɗin da ke gabanta, ba tare da an rubuta suna ba. Sai a murza kwaɓin, a yanka shi da bakin gwangwani, a gasa, ya huce, a shafe fuskarsa da aisin fari, wato sukari da farin ƙwai, a bar shi ya kwana ya bushe. Sannan a zana wa mutum abin da aka san shi da shi.

Ina da doka guda a kicin ɗina, kuma ta tashi da ita: ba a zana abin da aka ji, sai abin da ido ya gani. Gani ya kori ji. Tun ranar da wata mata ta kwatanta mini hular mahaifinta marigayi na zana mata har tire uku, ta zo ta duba ta fashe da kuka ta ce wannan ba hular babanta ba ce, na rantse na daina. Hoto ma ban yarda da shi ba, hoto abin da mutum ya shirya ya nuna maka ne.

Yanzu gwaji muke yi. Maigida ya samu sifana mai baƙin mai a wuya. Kawu Tela almakashinsa, har da tsumman da ya naɗe a hannun. Malamar Mage ta samu tabarau mai karyayyar ƙafa ɗaya. Maƙwabciyarmu Rediyo kuwa, da bakinta ba ya hutawa, Mage ta zana mata kujerar robar da take jawowa bakin ƙofar mutane, na yi dariya har sai da gwiwa ta tuna mini da kanta. Nawa, tsohuwar koriyar kwalbar nan da nake murji da ita, wadda kika ce in jefar tun kafin ki tafi. Tana nan, ta fi wasu mutanen amana.

Ki taho da wuri, ki zo da kwanaki a hannu. Zumunta a ƙafa take. Na fara kwashe buhunan fulawa daga ƙaramin ɗaki.

Yayarki

*

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Na ji daɗi da gwiwa ta yi sauƙi, ko da yake ba ki ce ta yi ba, ni na ƙara. A gaida Maigida da Kawu Tela. Ni lafiya, sai ɗan tari da tururi ke jawowa.

Wasiƙarki ta sa na yi dariya ni kaɗai a kan benci lokacin hutun cin abinci, har abokiyar aikina ta tambaye ni ko an yi mini albishir ne. Ashe Rediyo na nan da kujerarta! Ashe kwalbar nan ba ta fashe ba!

Na je ofishin tikiti na tambayi kuɗin jirgi, na ce su riƙe mini wuri. Na sayi yadi shuɗi, ban san ko tana son shuɗi ba, ki gaya mini. Na sayi agogo irin na masu aikin asibiti, wanda ake maƙalawa a ƙirji. Na fara rarraba tarkacena, tukunya ga wannan, bargo ga waccan. Mutum ya daɗe a wuri yana cewa baƙo ne shi, sai ya tashi tafiya ya ga ya tara kaya kamar mai gida.

Amma Yaya, kin lissafa na kowa, har na Rediyo, ba ki faɗi nawa ba. Na sake karantawa ko na tsallake layi, ban gani ba. Me ta zana mini? Kar ki ce sirri ne, ba zan iya jira ba. Ina tsaye gaban injin ina ta canka. Ko injin wanki? Ai ba ta taɓa ganinsa ba. Ko takalmin nan ja da na aiko mata tana aji uku? Ko 'yar tsanar? In ta rasa, ki tuna mata da waƙar da nake yi mata in ina mata wanka, ta kwaɗo da tulu. Na san waƙa ba ta zanuwa, amma kwaɗo ai yana zanuwa.

Ki ba ni amsa da wuri.

Ƙanwarki

*

Ƙanwata,

Amin wa alaikumus salam. Muna lafiya, sai dai oben ya fara halinsa, gefen hagu yana ƙonawa dama na ɗanye, dole in tsaya ina juya tire kamar mai gadin jariri. Tarin nan naki ki sha ruwan ɗumi, kar ki raina shi.

Shuɗi ba laifi. Ita dai ba ta da zaɓi a kaya, abin da ta samu take sawa.

Kin tambaye ni naki. Na so in yi shiru, amma ke kika matsa, kuma ni ban iya kwana-kwana ba. Ba ta zana miki komai ba. Na kowa ya kammala a gwaji, mun jera su a kan teburin kicin, naki ne kaɗai fari fat. Na ce mata, "Mage, na mamanki fa?" Ta ce, "Inna, a bar shi haka." Na kawo mata zancen jan takalmi, ta ce takalmin ai nata ne, ba naki ba. Na rera mata waƙar kwaɗon da muryar nan tawa ta garwa, ta saurara har ƙarshe, ta ce ba ta tuna ta ba. Akwai ranar da na shigo na tarar ta fara zana ambulan, da ta gan ni ta karya shi biyu ta jefa a kwandon shara.

Abin da ya fi ɗaure mini kai, duk mako sai ta gasa sabo guda, ta shafe shi da fari, ta ajiye a kan firji. In ya yi laushi ta zubar ta sake wani. Na ce sukari ba a rijiya nake ɗebo shi ba.

Ban san me ke cikin ranta ba, ba ta faɗa mini. Kin san tun tana ƙarama haka take, ta ciki na ciki. Wataƙila fushi ne, in ma shi ne ai ba za ki ce ba ta da hujja ba. Yarinyar da ta tashi tana kiranki Maman Hoto, ba dare ɗaya za ta sake ba. Ki dai shirya zuciyarki, kar ki zo kina tsammanin za ta rugo ta rungume ki a bakin ƙofa. Gara in faɗa miki yanzu da ki zo ki gani.

Ƙaramin ɗaki ya gama gyaruwa, Maigida ya ɗaura sabon labule, a karkace.

Yayarki

*

Ƙanwata,

Sallama. Ina fata lafiya, don shirun nan naki ya fara ba ni tsoro. Na kira wayarki har na gaji, da farko tana shiga ba a ɗauka, yanzu kuma a kashe. In tarin ne ya kwantar da ke, ki sa wani ya sanar da mu. Mu nan lafiya.

Ban jira amsarki ba na sake rubutowa, saboda wasiƙata ta baya na yi azarɓaɓi a cikinta. Na ce fushi ne. Ba fushi ba ne, ni ce ban gane ba, kuma da ma na kama bakina.

Jiya muna tankaɗen fulawa na sake yi mata mitar sukari. Sai ta ajiye rariya ta ce, "Inna, ba ke kika ce ba a zana abin da aka ji ba?" Na ce ni ce. Ta ce, "To ni duk abin da na sani nata ji na yi. Takalmi aiko shi aka yi. Murya a waya ce. Fuska a hoto ce. Ina so ranar da ta shigo gidan nan, abin da na fara gani a jikinta da idona, shi zan zana. Ko jakar hannunta ce, ko ɗaurin ɗankwalinta, ko yatsun nan da kika ce tururi ya cinye." Shi ya sa take gasa sabo duk mako, wai kar ki yi mana zuwan ba-zata ki tarar babu fari a shirye.

Na ce to me ya hana ki faɗa tuntuni, 'yar nema? Ta ce in ta faɗa kuma ba ki zo ba fa?

Kin ji. Jiranki take, ba gudunki ba. Ta ma tambaye ni tsawonki, wai ko kin kai ni, don ta san inda za ta sa ido in an buɗe ƙofa.

Ki tuna aisin yana son kwana guda kafin ya bushe, don haka kar ki iso ranar liyafar, ki iso kafin nan. Ki kunna wayar nan don girman Allah.

Yayarki

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaida ku. Ina lafiya, tarin ya tafi.

Na samu wasiƙarki mai zancen farin biskit. Ita ce ta ƙarshe da ta zo hannuna, kuma ta ishe ni. Na gode da ba ki ɓoye mini ba.

Na ga kiranki. Ban ɗauka ba, don na san lallashi za ki yi, ni kuma ba na son a lallashe ni kamar yarinya. Na cire layin na jefa a aljihun akwati.

Rediyo ta samu kujera. Kawu Tela, da rabonsa da ya saya mata ko alawa ban sani ba, ya samu almakashi. Ke kin samu kwalbarki. Ni da na tsaya a cikin tururi har gashina ya yi fari don ta zauna a aji, ban kai a ɓata mini ɗigon kala ba. Ta fara ambulan ma ta ga ya yi mini yawa. Na gane saƙon, ba sai an yi mini hannunka mai sanda sau biyu ba.

Ba na ganin laifinta. Naki ma ba na so in gani, amma Yaya, Maman Hoto a gidanki ta koya, kuma ban ji kin ce kin taɓa hana ta ba.

Ba zan zo ba. Ba zan bar aikina, in rufe ƙofar da ba ta sake buɗuwa, in zo in zauna gaban jama'a da farin abu a gabana kowa na kallo yana gane abin da ake nufi ba. Ranarta ce, ta yi ta da waɗanda ta sani. Na je na ce su saki wurin da suka riƙe mini a jirgi. Na koma wa shugabar wanki na ce na fasa, ta kalle ni ta ce dama ta sani. Na karɓo bargona, tukunyar dai na ji kunyar tambaya.

Yadin da agogon suna hanya, ki ba ta. Ba sai kin ce daga ni ba ne in zai ɓata mata rai.

Na tashi daga tsohon ɗakina, tunda na riga na sallame shi an ba wata. Sabon adireshin na bayan ambulan.

Uwar Mage, in har yanzu ana kirana haka

*

Ƙanwata,

Wa alaikumus salam. Muna nan da rai. Gwiwa ta kumbura saboda tsayuwar liyafa. Ba zan tsawaita gaisuwa ba, raina a ɓace yake.

Wasiƙunmu sun yi saɓani a hanya. Tawa ta ƙarshe, wadda na bayyana miki komai, ta tafi tsohon ɗakinki. Taki ta iso mana ana saura 'yan kwanaki liyafa. Ki je ki nemo tawa ki karanta, ba ni da ƙarfin sake rubuta ta.

Na so in ɓoye wa Mage, amma ta ga rubutunki a ambulan, ta miƙo hannu. Ta karanta a tsaye a bakin firji. Na zuba ido in ga kuka, babu. Ta ninke ta ba ni ta ce, "Layi ɗaya a wasiƙarki ya isa ta fasa?" Daga nan ta ɗauki tire ta hau wanki, tiren da na riga na wanke.

Zancen Maman Hoto, na hana ta har da duka, tun ba ta kai tsawon tebur ba. Ba komai nake rubuta miki ba. Ki ci gaba da zargina in zai rage miki zafi, na saba ɗaukar tire da zafinsa.

An yi liyafa a tsakar gida. Mutane sun zo, kowa na zagaya tebur yana neman kansa, ana ta shewa. Kawu Tela ya ƙi cin nasa, ya naɗe a hankici. Rediyo ta ce an ci mata mutunci, sannan ta cinye kujerar har da neman ƙari. Na ce a cire kujerarki, Mage ta ce a bar ta.

Da safiyar ranar, ina fama da oben, na ga ta sauko da farin daga kan firji ta haɗa kala. Na ce ba zai bushe ba. Ta ce ta sani. Ta ce ta tuna ashe akwai abu ɗaya da ta gani da idonta.

Shi ne wannan da ke cikin ƙaramin kwali, na naɗe shi da auduga. Da hannunta ta ajiye shi gaban kujerarki. Rediyo ta leƙa ta ce, "A'a, wannan ai bayan mutum ne." Shatin da za ki gani a gefe babban yatsan Mage ne, aisin bai bushe ba ta ɗauka.

Ta sa agogon a ƙirji ranar. Na gaya mata daga ke ne. Yadin yana cikin akwatinta, ba a ɗinka ba.

Ba ita ta ce in aiko miki ba. Da aka watse na tarar da shi a wurin, ba wanda ya taɓa, na ga ba ni da hurumin ci ko zubarwa.

Yayarki

*

Yaya,

Sallama. Ban san ta inda zan fara gaisuwa ba. Allah ya ba gwiwa lafiya. Ni ina tsaye dai.

Kwalin ya iso bai fashe ba. A ranar na je tsohon gidan, matar da ta karɓi ɗakina ta ciro wasiƙarki daga bayan mitar wuta inda ta soke ta, har ta yi ƙura. Na karanta a kan matakala.

Na buɗe audugar. Ƙofar gidanki ce, mai tsatsa a ƙasa. Mace ta ba da baya, ɗankwali ruwan ɗorawa, jaka a hannun hagu, kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya sauka saboda nauyi. Yaya, har igiyar da na ɗaure jakar da ita don zif ɗin ya lalace, ta zana. Ni kaina na manta da igiyar nan. Yarinyar da ko famfara ba ta fara ba!

Kin tuna ranar? Kina riƙe da ita a baranda kin ba ta kwanon sukari. Kika ce mini, "In kin fita kar ki waiwaya, in ta ga fuskarki za ta yi kuka, ke ma ki kasa tafiya." Na bi maganarki. Har na sha kwana wuyana na ciwo don son juyawa. Da na waiwaya sau ɗaya, da yau tana da abin zanawa.

Ba zarginki nake ba, na gaji da zargi. Maganar Maman Hoto ki yafe mini, baƙin ciki ne ya riƙe alƙalamin.

Na sa babban yatsana a kan shatin nata. Nata ya fi nawa girma. Ban san haka ba.

Na mayar da layin, na kira ta, ba ta ɗauka ba. Ba komai, ni na fara. Na koma ofishin tikiti. Wannan karon ban gaya wa shugabar wanki ba sai na biya. Zan zo ƙarshen wata mai kamawa, ko da liyafa ko babu.

Roƙo ɗaya, Yaya. Ki gasa guda, ki shafe shi da fari, ki ajiye a kan firji. Ki ce mata ta duba duk abin da take so, yatsun ma ga su nan.

Ƙanwarki,
Uwar Mage

*

Ƙanwata,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, ni da Maigida. Gidan ne dai ya yi mana girma.

Na yafe, dama ban riƙe ba. Maganar waiwaye kuwa na faɗa, ban musa ba. Ranar abin da na ga ya dace ke nan, da kin juyo da ba ki tafi ba, da ba a yi ungozoma ba. Ban sani ba ko an ci riba, Allah ya sani.

Mage ba ta nan. An tura ta aiki wani ƙaramin asibiti, tafiyar yini biyu daga nan, kuma sabbin zuwa ba a ba su hutu sai sun shekara. Akwai gurbi a asibitin da ke bayan kasuwarmu, malamarta ta yi mata magana, ita ta ce a kai ta nesa. Wasiƙarki ta zo bayan tafiyarta. Na karanta mata a waya, har wurin yatsa. Ina jin ana kiranta a bayanta. Ta ce, "Inna, ki ce mata Allah ya kawo ta lafiya." Na ce shi ke nan? Ta ce tana da mai naƙuda.

Ta tafi da agogon. Ledojin da take matsa aisin da su da kwalaben kala ta wanke ta jera mini a kabad, ba ta ɗauki ko ɗaya ba.

Ranar tafiyar na raka ta bakin ƙofa, gwiwa ba ta bar ni na wuce nan ba. Ta ɗauki jakarta a hannun hagu. Na tsaya ina kallonta har ta sha kwana, ba ta waiwayo ba. Wallahi wannan karon ba ni na ce kar a waiwaya ba.

Ki zo. Ƙaramin ɗaki na nan, labulen na nan a karkace. In kin huta sai mu nemi motar da ke zuwa wajenta, in ta yarda ta gan mu, to, in ba ta yarda ba mun dai je. Ban yi miki alkawarin komai ba.

Amma farin biskit ba zan gasa ba sai na ga ƙafarki a cikin gidan nan. Na zubar da su da yawa.

Yayarki mai biskit